The Chocolate War: littafin da azzalumi ya sha da nasara

Littattafan matasa da ke magana a kan cin zali a makaranta yawanci da daɗi suke ƙarewa: a kama mugu, a share wa wanda aka zalunta hawaye. Wannan na Robert Cormier, wanda ya fito a Amurka a 1974, bai bi wannan hanyar ba, kuma abin da ya sa na riƙe shi har ƙarshe ke nan.

Jerry Renault sabon shiga ne a Trinity, makarantar Katolika ta maza zalla, mahaifiyarsa ba ta daɗe da rasuwa ba. Duk shekara ɗalibai kan yi tallar cakulan don tara wa makaranta kuɗi. A wannan karon Brother Leon, mai riƙon ƙwaryar shugabanci, ya ɗora musu kwali 20,000, kowa 50. Ƙungiyar asirin ɗalibai, Vigils, wadda Archie Costello ke juya ta, ta umarci Jerry ya ƙi karɓa na kwana goma. Wa'adi ya cika, yaro ya ci gaba da cewa a'a, yanzu don kansa. Nan aka sa shi a gaba: waya cikin dare ana dariya, a lalata masa kaya, a tare shi a lakaɗa masa duka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai malamin ne. Leon yana buƙatar Vigils don kayansa su ƙare, sai ya kau da kai. A damben ƙarshe da aka shirya don a wulaƙanta Jerry, yana tsaye daga nesa yana kallo har aka yi wa yaron jina-jina. Archie kuwa ko ƙwarzane. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san irin wannan kawaicin.

Ba ya rasa aibu. Surorin farko suna tsalle daga wannan yaro zuwa wancan har sunaye su cakuɗe, kuma akwai kalaman batsa, waɗanda suna cikin dalilan da iyaye a Amurka suka sha neman a cire shi daga makarantu. Ba zan ba ɗan ƙasa da shekara 15 ba. Turancin dai ba mai wahala ba ne, surorin kuma gajeru.

Akwai ci gabansa, Beyond the Chocolate War, na 1985, ga mai son jin yadda Jerry ya kasance bayan dukan.