Masu tsofaffin jif a Kaduna, ku yi hattara da masu tallan ɗaga mota

Jama'a, akwai wasu mutane da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp na masu motoci a nan Kaduna, suna tallan cewa suna kawo kayan ɗaga jif daga waje, su haɗa maka a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Damina suke jira. Sun san mai gona a hanyar Kachia ko Birnin Gwari ya gaji da jin cikin motarsa na gogar ƙasa, don haka da ya ga hoton Land Cruiser ta miƙe tsaye kan manyan tayoyi sai ransa ya biya.

Ƙanin mahaifina suka ci. Motarsa Land Cruiser 80 ce, irin wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, yana ji da ita. Suka nuna masa hoton shakazoba ruwan ɗorawa da sifirin, suka ce Old Man Emu ne na kamfanin ARB na Ostireliya. Aka ce ya tura kafin alƙalami domin kaya suna Legas. Ranar aiki kuma suka hana shi tsayawa, wai "Alhaji, je ka huta, ai ba girmanka ba ne zama a gareji." Bakaniken da ya saba yi masa aiki ma suka hana shi zuwa, suka ce ba sa son hannu biyu a kan mota ɗaya.

Mota ta dawo ta yi tsayi, babu musu. Amma da ya hau titin Zariya da ita sai sitiyari ya fara yawo, ga wata ƙara kwas-kwas duk ramin da aka faɗa. Da muka kai ta wurin bakanikensa ya shiga ƙarƙashi da fitila, kiran mu ya yi: "Baba Alhaji, zo ka gani da idonka." Ya sa farce ya kankare jikin shakazobar, fenti ya ɓare, baƙin tsohon ƙarfe ya bayyana, mai yana tsatsafowa ta bakinta. 'Yar Beljiyam ce aka fesa wa fenti aka manna mata sitika. Sifirin kuwa nasa ne na asali, ba a canja ba. Guntun bututun ƙarfe aka yanka aka yi masa walda aka ɗora a kai, shi ne duk tsayin da aka sayar masa.

Abin da ya fi tayar min da hankali tiyon birki ne. Yana nan a miƙe tsam, ba sauran sassauci. Wannan motar ita ke kai iyali ƙauye.

Ɗaga mota aiki ne na gaske. Ko inci 2 za a ƙara wa irin wannan jif, wato kusan santimita 5, sai an sa dogon sifirin da shakazobar da ta dace da tsawonsa, in ba haka ba gajeriyar za ta riƙa kaiwa ƙarshe tana bugawa har ta tsinke. Kusurwar ƙafafun gaba tana sauyawa, shi ya sa ake sa bushin na gyara don sitiyari ya riƙa dawowa tsakiya. Ƙarfen da ke riƙe ƙafafun a gicciye yakan ja su gefe ɗaya. A duba tsawon tiyon birki, a duba farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafu, a yi alaimen. Kuma ko an yi komai daidai, mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, dole direba ya rage ƙafa. Wanda bai ambata maka ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai san aikin ba ko kuma bai damu da ranka ba.

Masu tsohuwar Pajero da Hilux, ku ma ba ku tsira ba. Yawancinsu gabansu a kan wani dogon ƙarfe mai murɗewa yake, shi ke yin aikin sifirin. Noti kawai za su ɗaure mota ta ɗago, su karɓi kuɗin sabon kaya, daga baya shaf da robarsa su fara ci.

Don Allah kada ku tura ko sisi kafin ku ga kayan a kwalinsu, lambar da ke jikin kwali ta yi daidai da wadda ke jikin ƙarfe, ku kuma bincika lambar a shafin kamfanin ko ta motarku ce. Ku je da bakanikenku ya tsaya har a gama. Ku ce a ba ku tsofaffin kayan da aka cire a hannu, da rasit mai adireshin shago.

Lambar wayar mutumin da ya cuci ƙanin mahaifina yanzu a kashe take, garejin ma ashe aronsa ya yi na yini guda. Mun kai ƙara wurin 'yan sanda da shaidar tiransifa da hotunan hirarsu. Duk wanda aka ɗaga wa mota ta irin wannan hanya, ya ajiye ta, a duba tiyon birki kafin ta sake hawa titi.