Gidan laka ko na bulo, wanne ya fi maganin zafi?

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu a Kano ya san me nake nufi, rana ta gama gasa kwanon, ƙarfe sha ɗaya na dare bango na huci kamar tanda, ga ba wuta balle fanka. Shi kuwa ɗakin kakata na laka, katangar tubali ce mai kauri, rufin azara da ƙasa a sama, da azahar in ka shiga wani sanyi ne zai tare ka, don zafi kafin ya ratsa kaurin nan rana ta faɗi. Lokacin hunturu kuma ɗumi.

Amma fa laka tana da nata wahalar, kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, a duba indararo, in ka yi sakaci ruwan Agusta ya zubar maka da katanga. Bulo kam ba ruwanka da wannan, kuɗin siminti ne kawai zai sa ka zufa. Ni dai in zan yi gini, tushe na siminti, jikin bango na ƙasa, in kwano ya zama dole a saka silin a bar iska na wucewa ta tsakani.