Batir mai 72Wh a kan ThinkPad T480: ya cancanci nauyinsa ga mai aikin ƙauye?

Batirin da zan yi bayani a kansa shi ne mai 72Wh (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ɗauka) da ake maƙala wa laftof ɗin ThinkPad T480 ta ƙasa, wanda Lenovo suka sa wa lamba 61++. Na daɗe ina aiki da shi, na kuma riƙe ƙannensa biyu, mai 24Wh da mai 48Wh, don haka abin da zan faɗa ba a bakin mai shago na ji shi ba.

Aikina ɗaukar bayanan manoma ne a wata ƙungiyar gama-kai a nan Gombe: suna, girman gona, irin da aka karɓa, takin da aka raba, bashin da ya rage. Lokacin noman rani ina wajen Dadin Kowa, da damina kuwa yau Dukku, gobe Bajoga, jibi Nafada. Galibin inda muke zama ƙofar gidan mai gari ne, ko gindin bishiya, ko ajin firamare da babu soket ko ɗaya a bangonsa. Idan laftof ta mutu da azahar, mutanen da suka baro gonakinsu suka bi layi tun da safe sai dai a ba su haƙuri, a ce su dawo wani mako. Wannan ba da haƙurin ya fi kowace jaka yi mini nauyi, shi ya sa na ɗauki zancen batir da muhimmanci.

Abin da ya bambanta T480 da sauran laftof ɗin hannu da suka cika kasuwa shi ne batir biyu gare ta. Akwai na ciki mai 24Wh da sai an kwance ƙasanta ake ganinsa, akwai kuma na waje da ake zarewa da hannu. Kana cikin aiki za ka iya cire na wajen ka sa wani ba tare da ka kashe ta ba, na cikin ne ke riƙe ta a ɗan tsakanin. A 2018 ta fito. Wadda ta biyo bayanta a 2019, wato T490, an rufe batirinta a ciki, haka kuma yawancin laftof na yanzu suke. Mai irin waɗannan ya gama zaɓen batirinsa tun ranar da ya biya kuɗin kwamfutar. Mai T480 kuwa kullum da safe yana da zaɓi: yau babba zan ɗauka ko ƙarami?

Kafin a yi wannan zaɓin sai an fahimci lissafin, domin a nan ake yi wa mutane da yawa rufa-rufa. Za ka shiga shago a ce maka, “Wannan sel shida ne, awa takwas yake yi.” Yawan sel, wato ƙananan baturan da aka jera a cikin kwanson, bai gaya maka komai ba tukuna. Mai 48Wh sel shida ne, mai 72Wh ma sel shida ne, bambancin yana cikin abin da kowane sel yake iya ɗauka. Haka lambar mAh, wani ma'aunin cajin batir da ake rubutawa da manyan baƙi, ita kaɗai ba ta isa ba, sai an haɗa ta da bolt. Ka ninka bolt da mAh, ka raba da 1,000, abin da ya fito shi ne Wh. Batir mai 10.8V da 4,400mAh ya ba ka wajen 47.5Wh. Mai 10.8V da 6,600mAh ya ba ka 71 da ɗoriya. Wannan lambar ita ce girman jarkar ruwanka, wat ɗin da kwamfutar ke ci kuma shi ne yadda ka buɗe famfo. Wanda ya ce maka jarka za ta kai ka awa takwas bai tambaye ka yadda kake buɗe famfonka ba, zance kawai yake yi.

To mu ɗauka kwamfuta tana cin wat 10, wanda shi ne kusan abin da tawa ke ci idan ina cikin Excel, allo a buɗe sosai, wayata kuma tana ba ta intanet. Na ciki da ƙaramin na waje sun haɗa 48Wh, awa biyar ba ta cika ba ke nan. Na ciki da babban sun haɗa 96Wh, awa tara da wani abu. Wannan lissafin sababbin batura ne, tsofaffi ba sa kaiwa. A aikace abin da nake gani bai yi nisa da haka ba: da ƙaramin, kafin a kira azahar na fara leƙen kusurwar allo ina rage haske, da babban kuwa ina yin la'asar ina kan aiki, wani lokaci har in dawo gida da saura.

Hasken allo shi ne babban mai shan wuta a irin aikinmu, kuma ba a cika faɗa ba. Mai zaman ofis yana iya barin allonsa a rabi ko ƙasa da haka. A gindin bishiya da rana tsaka, ko da akwai inuwa, dole ka ƙure hasken kafin ka bambance 3 da 8 a cikin lambar wayar manomi. Duk lissafin awannin da kamfanoni ke bayarwa a cikin ɗaki aka yi shi da allo a rage. Mai aikin waje ya sa a ransa cewa nasa awannin ba za su kai haka ba. Wasu T480 ɗin kuma suna zuwa da ƙarin katin hoto na MX150, masu zane suna son sa, amma idan ya tashi aiki yana ƙara cin wuta sosai. Mai shigar da bayanai ba ya buƙatarsa.

Sai nauyi, kuma ba zan ɓoye ba, ana jin sa. Sel ɗin da ke ciki masu siffar gwangwani ne, irin da ake kira 18650, kowanne kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65, nauyinsa tsakanin giram 45 da 50. Guda shida sun kusa giram 300 tun kafin a sa kwanso. Kwamfutar da ƙaramin batir wajen kilo 1.6 ce. A hannu ƙarin ba wani abu ba ne, amma a bayan acaba, kan hanyar da ruwa ya cinye, jaka tana dukan gadon bayanka, za ka san an ƙara maka kaya. Abin da ya fi nauyin damuna ma shi ne tudun. Babban batirin yana fitowa ta ƙasan kwamfutar kamar sanda, don haka ba ta shiga siririyar rigar laftof, a cikin jaka kuma tudun yana tokarar takardu. Idan ka ɗora ta a cinya, abin da muke yi kusan kullum tunda babu tebur, wurin yana danna gwiwa bayan an jima.

Tudun nan yana da nasa amfanin. A kan tebur ko benci yana ɗaga bayan kwamfutar, madannan su ɗan karkato gare ka, rubutu ya yi daɗi. Iska kuma tana samun hanya ta ƙasa, abin da ba ƙarami ba ne a watan Maris da Afrilu lokacin da zafin Gombe ke kai maki 40. Sannan ranar da na ɗauki babban batir ina barin caja a gida, tunda inda za ni babu wurin sa ta. Caja da wayoyinta nauyinsu bai yi nisa da na batirin ba. Idan aka cire wannan aka sa wancan, jakar kusan ɗaya take.

Mai 48Wh ban ga dalilin sayensa ba, sai dai in shi ne kaɗai ya samu ko kuɗi ne suka gaza. Tudu ɗaya, girma ɗaya da mai 72, amma wutarsa kashi biyu ce cikin uku. Wanda zai ɗauki tudu ya ɗauke shi da ladansa.

Akwai abin da mutane ke mantawa: babban batir sai an cika shi kafin ya yi amfani. A garinmu ana iya kawo wuta cikin dare a ɗauke kafin asuba, janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba kowa ke iya barinsa yana ruri don caji ba. Da caja mai wat 65, cika 96Wh zai ci kusan awa ɗaya da rabi ko a takarda, a zahiri ya fi haka nesa, saboda caji yana rage gudu idan batir ya kusa cika, kwamfutar kuma tana cin nata rabon idan a kunne take. Da caja mai wat 45 jiran ya fi tsawo. Duk wanda zai sayi babban batir ya nemi caja mai 65 ta gaske tare da shi, kuma ya riƙa kashe kwamfutar idan wutar ta ɗan lokaci ce.

Zafi ne babban abokin gabar batirin litiyom, musamman idan ya same shi a cike taf. Barin laftof a cikin mota da rana, ko a kan katifa tana caji, yana cinye kwanan batir da wuri. A manhajar Lenovo Vantage akwai wurin da za ka ce caji ya tsaya a kashi 80, kuma hakan yana ƙara masa kwana. Amma kashi 80 na 72Wh bai kai 58 ba, ka ga ka ajiye wani kaso na abin da ka saya. Yadda nake yi, makon da nake ofis ina barinsa a 80 da ƙaramin batir a jiki, daren da zan yi tafiya in cire iyakar in cika duka biyun. Babban idan zai jima a ajiye, ina barinsa a wajen rabi, a cikin durowa inda rana ba ta kaiwa. Bayan hunturu kuma ina kai kwamfutar a hure mata fanka, domin ƙurar da ta toshe ta tana ƙara zafi, zafin kuma a kan batir yake ƙarewa.

Wasu abokan aikina sun zaɓi fawa banki maimakon babban batir, tunda T480 ta USB-C take caji. Dabara ce mai kyau ga wanda batirinsa a rufe yake. Mai 20,000mAh a kan 3.7V yana da 74Wh, kusan daidai da batirin da muke magana, sai dai wani kaso yana salwanta wajen juya wutar, kuma sai irin wanda ke iya fitar da wat 45 zuwa sama, ba na cajin waya ba. Ni abin da ya hana ni shi ne igiyar cajin da ke reto. A cikin taro yara suna giftawa, kana juyawa kana nuna wa dattijo sunansa a allo, kowane fisga a bakin cajin yake sauka, bakin kuma a jone yake da babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard, gyaransa ba na wasa ba ne.

Ga masu niyyar Umara ko wata tafiyar jirgi: batirin da bai wuce 100Wh ba ana shiga da shi ba tare da neman izini ba, mai 72 yana ciki. Amma na ajiya a jakar hannu ake sa shi, ba a akwatin da za a auna ba.

Inda hatsarin yake shi ne wajen saye. Kwamfutar ta tsufa, sabon batir na asali yana wahalar samu, jabu kuma sun yi yawa, da tambari da lamba da komai. Mai gyaran da nake kai wa aiki ya taɓa miƙo mini guda biyu, duka an rubuta 72Wh, ya ce, “Malam, rufe ido ka ɗaga ka ji.” Ɗaya ya fi ɗaya sauƙi a hannu ƙarara. Na ce, “Injiniya, to me ke cikin wannan?” Ya ce, “Sel ne marasa ƙarfi, wani lokaci ma tsofaffi aka sake wa riga. Wata biyu zai yi maka ladabi, daga nan sai ya riƙa faɗowa daga kashi 40 zuwa sifili.” Araha ba ta ado. A nan nauyin da muke kuka da shi ya zama shaida, batirin da ya yi sauƙi fiye da kima abin tuhuma ne.

A Windows akwai umarnin powercfg /batteryreport da ke fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batir da shi da abin da yake iya ɗauka yanzu. Ka duba duka biyun, na ciki da na waje, domin wasu na hannu suna zuwa na cikin ya mutu ko ma babu shi gaba ɗaya, idan kuwa babu shi ka zare na waje kwamfutar ɗif take. Jabun batir yana iya yi wa rahoton ƙarya, don haka kada ka tsaya nan. Ka duba ko ƙasan kwamfutar ya yi tudu a inda na cikin yake. Batirin da ya kumbura ba a danna shi, ba a huda shi, cirewa ake yi nan take.

Ɗalibin da ke Jami'ar Tarayya ta Kashere ko Jami'ar Jihar Gombe, mai rubuta furojet a ɗakin da wuta ba ta da tabbas, babban batirin zai yi masa rana, kamar yadda yake yi wa ma'aikacin lafiya ko na gona da ke yini a ƙauye. Wanda ofishinsa ke da sola, daga mota sai tebur, ƙaramin ya ishe shi, bai kamata ya sayi tudun da ba zai mora ba. Ƙanwata da ke koyarwa a cikin gari ta gwada nawa ta dawo mini da shi, ta ce, “Yaya, jakata ba ta rufuwa,” kuma ta yi gaskiya, yininta bai kai ya buƙace shi ba.

Idan ka yanke shawarar saye, ka tafi da kwamfutarka shagon, a sa batirin a gabanka, ka kuma yi yarjejeniya da mai shagon cewa za ka je ka cika shi, ka yi aiki da shi har ya ƙare, in bai kai abin da lissafin Wh ya nuna ba ka dawo da shi. A rubuta hakan a bayan rasit. Mai kaya na gaskiya ba ya gudun wannan sharaɗin.