Irin bado da na saya a Marwa

Akwai wani mutum mai tallar irin furanni a WhatsApp, shi na yi wa magana a watan Yuni ya samo mini irin bado. Ni 'yar garin Maga ce da ke arewacin Kamaru, na tashi ina ganin bado ya rufe bakin tafki, kakarmu kuma ba ta gajiya da ba mu labarin yadda 'ya'yansa da saiwarsa suka riƙe su a farin 1984. Tun da aure ya kawo ni Marwa nake kewarsa.

Ƙunshin farko ko ɗaya bai tsiro ba. Na zuba laka a tsohon baho, ruwa kamar yatsa uku a kai, na ajiye a rana, sati biyar shiru. Ranar da na murza ragowar a tafin hannu na shinshina, ƙamshin suya na ji. Ashe na ci ne ya ɗebo mini, wanda ya riga ya sha wuta. Na kira shi na ce, "Malam, tsakaninka da Allah, soyayyen iri yana fitowa?" Ya ce, "Hajiya ki yi haƙuri, yarona ne ya haɗa." Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na biyun da ya aiko kam, alhamdulillahi. Ya fara fitowa siri-siri kamar ciyawa a ƙarƙashin ruwa, har na kusa cire shi, sannan ganyen ya hau sama ya baje, gefensa da haƙora-haƙora irin na gida sak. Wani dare a Nuwamba, bayan isha'i, ƙaramar 'yata ta shigo da gudu: "Umma, zo ki gani!" Na haska tocila, ga fure fari tas ya buɗe, tsakiyarsa rawaya. Na daɗe a tsugune a wurin. Da hantsi ya rufe, da dare ya sake buɗewa. A lokacin na yafe masa komai.

Sai dai fa ko kalma bai ce mini ba a kan sauro. Bahon ya cika da tsutsa, maigida ya ce a zubar, da ƙyar maƙwabciyata ta samo mini 'yan ƙananan kifi suka cinye su. Kuɗin motar ƙunshi na biyu ma ni na biya, ya ce zai mayar mini, har yau ban gani ba. Wadda za ta saya a wurinsa ta shinshina irin kafin ta miƙa kuɗi.