Kuɗin hannu ko wakafi: wanne ya fi amfanar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa?

Hajiya, kin ce kina son tallafa wa gidauniyar da ke ɗaukar nauyin bincike kan halayyar ɗan Adam da lafiyar ƙwaƙwalwa, amma kin rasa zaɓi tsakanin tura kuɗi da yin wakafi. Kin kuma tambaya ko zakka za ta shiga.

Kuɗin hannu shi ya fi sauƙi. Ki tura ta waya, ki karɓi rasit, shi ke nan. Matsalarsa ita ce bincike ba aikin yini ɗaya ba ne. A ce ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana nazarin damuwar da ke kama mata bayan haihuwa. Zai buga takardun tambayoyi, ya biya mata masu shiga gida su zanta da masu jego, ya sha man mashin zuwa Wamakko ko Bodinga, sannan ya koma bayan watanni ya ga yadda suke. Idan kuɗi ya ƙare kafin komawar nan, takardun sai su zauna a kwali suna shan ƙura. Saboda haka in kuɗin hannu za ki ba da, gara ki raba shi: ki sa bankinki ya riƙa cire wani abu duk wata yana turawa. Dubu goma da aka san za ta zo kowane wata ta fi wa mai tsara aiki daɗi bisa dubu ɗari da ta faɗo sau ɗaya.

Wakafi kuwa wata duniya ce daban. Nan asalin dukiyar ba a taɓa ta, riba kawai ake ci. Ki ware shago a babbar kasuwa ko ɗakunan haya a Mabera, ki rubuta cewa kuɗin hayar na bincike ne. Ba a sayarwa, ba a gādo, kuma yana ci gaba bayan ranki. Mu a Sakkwato mun yi sa'a, muna da Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, ba sai kin je neman wanda zai nuna miki hanya ba. Sai dai wakafi yana son mai kula. Rufi zai yi yoyo, ɗan haya zai yi jinkiri, kuma da kin furta kin miƙa, babu komawa. Ki rubuta manufar a fili, da shaidu, har da abin da za a yi in gidauniyar ta rushe. Nan ne mutane suka fi sakaci. In ba kya son rabuwa da kadara yanzu, akwai wasiyya, matuƙar ba ta wuce sulusin dukiya ba.

Zakka dai ki bar ta gefe. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade rukuni takwas, kuma buga takardun bincike bai fito fili a cikinsu ba. Talakan da ke jinya a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, wanda kuɗin magani ya gagare shi, shi ne mai haƙƙi a kanta.

Gidauniyoyin waje, irin American Psychological Foundation ta Amurka da aka kafa a 1953, da dala suke karɓa, kuma binciken can suka fi tallafawa. Ni da zan zaɓa, na gida zan ba, domin tun da aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, abin da ake buƙata shi ne bayanai daga garuruwanmu.

Shawarata: ki fara da na wata-wata tsawon shekara guda. Ki nemi takardar rajistarsu ta CAC, wato hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ki tabbatar asusun da sunan gidauniya yake ba na mutum ba, ki ce su nuna miki rahoton bincike ɗaya da suka kammala. In sun cika waɗannan, sai a zauna maganar shago.