Madubi mai doro na tsaron shago: amfaninsa da yadda ake karanta shi

Wannan madubi shi ne irin wanda ake kafawa a kusurwar shago domin mai jiran kanti ya riƙa hango lungunan da kantoci suka tare masa. Wanda muka kafa a shagon magani na yayana faɗinsa santimita 60 ne, kuma da roba mai ƙyalli aka yi shi maimakon gilashi, saboda haka ba shi da nauyi, ba ya kuma saurin fashewa. Ya zo da ƙarfen maƙalawa mai juyawa, sai dai kusoshin da aka haɗo da shi sun yi wa bangon bulo gajarta, dole muka nemo wasu. Robar tana karcewa da wuri, don haka idan ƙurar hunturu ta lulluɓe shi, da jiƙaƙƙen ƙyalle mai laushi ake goge shi.

Doron ne ke tattaro shagon gaba ɗaya cikin da'ira guda, amma yana ƙanƙantar da komai, har wanda ke tsaye kusa ya zama kamar yana can nesa. Dalilin ke nan da ya sa motocin da ake shigowa da su daga Amurka suke ɗauke da gargaɗi a madubin gefen fasinja, cewa abin da aka hango ya fi kusa fiye da yadda ya bayyana. Sai da yaron shagon ya ɗauki lokaci kafin idonsa ya saba da gane ko hannun mutum ya kai kan kanta ko bai kai ba.

Umberto Eco, masanin ilimin alamomi ɗan ƙasar Italiya wanda ya rasu a 2016, yana ganin cewa surar cikin madubi ba alama ba ce, domin alama tana tsayawa ne a madadin abin da ba ya nan, har a iya yin ƙarya da ita, alhali surar madubi tana gushewa da zarar mai ita ya gusa. Na yarda da shi game da surar, amma madubin kansa, a rataye a bango, alama ce sosai: duk wanda ya shigo ya ɗaga kai ya gan shi ya san ana ganinsa, ko da hankalin mai jiran kanti yana kan lissafi. A ganina rabin amfaninsa yana nan, shi ya sa muka kafa shi inda mai shigowa zai fara cin karo da shi, ba a ɓoye ba.

Ya dace da ƙaramin shago mai wadataccen haske. Wanda ke buƙatar shaidar abin da ya faru bayan an tashi, kyamara ce za ta yi masa, domin madubi ba ya ajiye komai.