Ƙasar buhu da ƙasar gindin itace

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Inna da duk mutanen garka. Ka tambaye ni ko takin Turawa ya fi namu, tunda kana ganin hotunan lambunan da muke yi wa aiki. To ga abin da idona ya gani.

A nan Faransa ƙasa ma haja ce. Kanti guda, buhuna jibge har sama: ta furanni daban, ta tumatir daban, ta yayyafa iri daban. Mai lita 40 na saya yuro 8, wato jika biyar da 'yan kai a kuɗin sefa. Baƙa wuluk, sakayau, babu tsakuwa ko ɗaya, kuma an rubuta abin da ke ciki a jikin buhun. Wannan kam ya burge ni, don na tuna shekarar da muka sayo taki a kasuwa, sai da albasa ta ƙi tashi muka gane an yi mana algus. Aibinta ɗaya, in ta bushe ƙayau ruwa sai ya riƙa zamewa ta gefe.

Amma ta gaske a daji na gan ta, dajin Fontenbulo da ke kudu da Paris. Na durƙusa na yaye ganyen da ke sama, busassu. Ƙarƙashinsu wasu sun manne da juna, jiƙaƙƙu, fararen zaruruwa sun saƙe su kamar yanar gizo. Saiwar naman kaza ce, ita ke cin itace da ganye mai tauri. Can ƙasa kuma ba ka gane ganye, sai baƙar ƙasa mai marmashi, tana na yawo ciki. Da na shinshina, wallahi ƙanshin ruwan fari na Tawa ne sak. Ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani ke fitar da shi, kuma a cokali guda akwai miliyoyinsu. Ganye kan yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya koma haka. Ɗibar ƙasar dajin gwamnati ba izini laifi ne a nan.

Tun 1 ga Janairun 2024 doka ta wajabta wa hukumomin gari su samar wa mutane hanyar ware ɓawon kayan miya da ragowar abinci daga sauran shara. A unguwarmu akwatunan katako aka ajiye, kowa ya zuba, ya rufe da gutsuren itace.

Ni dai abin da na gani sun fi mu shi ne laima. Aikin da tana ke yi musu, gara ke yi mana, kuma mutanen Illela sun daɗe da sanin haka a tassa, ƙananan ramukan shuka da suke haƙawa a gona: ka zuba taki, gara ta zo ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanya. Gawon gonar Baba da ke zubar da ganye da damina, ka san hatsin gindinsa ya fi na ko'ina.

Don Allah bana kada yara su cinna wa kara da ganye wuta. A haƙa rami a inuwa kusa da rijiya, a jera busasshen kara da yawa, kashin awaki kaɗan, ɗanyen ciyawa, ɗan toka, a barbaɗa ƙasar gindin gawon nan ƙwarya biyu. A jiƙa shi yadda in ka matsa a hannu ba zai ɗiga ba, a juya duk bayan mako biyu. In ka cusa sanda ta fito da zafi, aiki na tafiya. Kuɗin masu haƙa zan aiko ƙarshen wata.